Bello Tafireta da Rumbun da Aka Share Ranar Suna

Na san Bello tun watan Maris na shekarar 1974, ranar da ya shigo ofishinmu a sakatariya riƙe da ƙaramin akwatin ƙarfe, ya ce shi ne sabon mai gyaran tafireta. Ni a lokacin ƙaramin akawu ne, sabon fitowa daga makarantar mishan ta Wusasa, inda aka koya mana cewa wanda bai sa kwanan wata a kan takarda ba bai fara rubutu ba. Bello ya dubi tafiretata, ya hura mata iska, ya ce, "Bazazzagi ne ke buga wannan ko? Na ga alama. Har harafin da bai yi laifin komai ba an dake shi." Tun daga ranar muke tsokanar juna irin ta Kanawa da Zage-zagi, shekara hamsin da ɗoriya ke nan, ban kuma taɓa kayar da shi ba.

Haifaffen Unguwar Kanawa ne. Mahaifinsa mai goro ne daga Kano, jirgin ƙasa ya sauke shi a Kaduna, ya ga garin ba laifi, ya zauna. Bello gajere ne siriri, tabaraunsa ɗaure da zare ta ɓangaren hagu tun ina saurayi. Shekara ashirin da biyar ya yi yana zagaya ofisoshi da man keke da tsohon buroshin haƙori, har sunan sana'ar ya manne masa. Da kwamfuta ta shigo, aka kwashe tafiretoci aka jibge a sito. Abokan aikinsa wasu suka koma gona, wasu suka koma jiran fansho a gindin bishiya. Shi kuwa sai ya samo matacciyar kwamfuta, ya kwance ta a kan tabarma, ya yi mako biyu yana kallon hanjinta. Da ya gama ya ce mini, "Tafireta ce, sai dai ba ta da tarbiyya." Ya buɗe shago tsakanin mai walda da mai injin niƙa, yana nan har gobe.

A lokacin kullen korona ne wani ya kawo masa kwamfutar cinya da ke ɗaukar zafi kamar kaskon waina. Da ya bincika sai ya tarar wata manhaja ce ke dafa ta, irin wadda ake shiga wata duniya da ita. Bari in yi wa tsarana bayani yadda Bello ya yi mini. Gari ne sukutum a cikin intanet, da gidaje da tituna da bishiyoyi. Ba ka shiga da ƙafarka, sai dai ka tura wani mutum-mutumi da Bello ke kira wakili. Wakilin nan yana tafiya, yana zama, in ka yi magana da muryarka yake yi. Manhajar da ke kan kwamfutarka ita ce ƙofar garin, in ba a saita ta daidai ba kuwa sai ta ƙi buɗuwa, ko ta buɗe ta matse maka yatsa.

Bello ya gyara wa mai kwamfuta kayarsa, shi kuma ya kamu. Na tarar da shi wata rana yana yawo a can da wakili dogo sankaceke, gashi tuli guda, wando mai faɗin ƙafa irin na samarin 1975.

Na ce, "Bello, kai da ba ka taɓa kai tsawon tagar ofis ba?"

Ya ce, "A can ma sai in zama gajere? Wa na kashe?"

Kafin shekara ta zagayo ya zama shi ake nema daga Rafin Guza har Doka in manhajar ta yi gardama. Yana da dokoki da ya buga da tafireta ya manna a bango. Abin da yake fara taɓawa shi ne nisan gani, wato iyakar inda kwamfuta za ta hango maka. Yakan dawo da shi mita sittin da huɗu. In mai kaya ya yi ƙorafi sai ya ce, "Tsohuwar kwamfutarka kake so ta hango maka Kawo daga nan? Ka ga gabanka ya ishe ka. Mai leƙen gidan maƙwabci shi ke tuntuɓe." Sai ya kashe inuwa da ƙyallin ruwa, don a cewarsa inuwar can ba ta taɓa hana kowa gumi ba, kwamfutar kawai take gasawa. Ya hana a ɗora na'ura a kan katifa, sai a kan faranti. Makirufo kuwa ba ya barinsa a buɗe ko da wasa, yakan ɗaure shi da maɓalli guda, in ka danna a ji ka, in ka saki a daina. Ya ce ya ga zumuncin shekara talatin ya mutu saboda wani ya ɗauka ba a jinsa.

Abin da ya fi ba shi haushi shi ne masauki. Waɗanda suka ƙera abin ba su san sallama ba. In ka ce za ka gidan wani, sai manhajar ta jefa ka tsakar gida tsulum, kamar ɓarawon da ya diro ta katanga. Bello ba ya barin aiki sai ya tabbatar masaukin baƙo a zaure yake.

Sai kuma rumbu. Duk abin da kwamfuta ta taɓa gani a can, bango ne, tabarma ce, riga ce, tana adana shi a wani wuri don kada gobe ta sake zuwa ɗauko shi daga nesa. Wannan wurin Bello ke kira rumbu. In ya cakuɗe, ana share shi. Amma in an share, komai sai an sake jawo shi daga farko, da irin sabis ɗinmu kuwa wannan cika randa ne da cokali. Ku riƙe wannan, don a nan labarin yake.

Alhaji Sambo shi ne shugabanmu a sakatariya, ni da Bello. Bazazzagi ne irina, mutumin da babbar rigarsa ke iya tsayuwa ita kaɗai saboda sitaci, wanda yakan maido maka da wasiƙa shafi uku saboda waƙafi ɗaya. A daminar 2022 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi a gidansa na Doka. Hannun dama ya mutu, baki ya karkace, magana ta zama sai ya jawo ta da ƙyar. Tun daga nan ya rufe ƙofa. Ba ya karɓar baƙi in ba mu biyu ba, mu ɗin ma don ya san ba ma jin kora. Kiran bidiyo kuwa ko na ɗansa ba ya ɗauka.

Ɗan nasa, Kabir, yana koyarwa a Malesiya, matarsa Bakanuwa ce. Ranar wata Talata ta haifi mace, jikar Alhaji ta fari. Kabir ya bar wa mahaifinsa zaɓen suna, ya kuma roƙe shi ya faɗe shi da bakinsa gaban dangi ranar suna. Alhaji ya ce suna zai bayar, amma Kanawa ba za su ga fuskarsa a haka ba, su samu abin labari har jikoki. Sai Kabir ya zo da dabara. Ashe ya daɗe da gina kwafin tsohon gidansu na birnin Zariya a waccan duniyar, gidan da ruwa ya rushe tun tuni, da zaurensa da soron baƙi da dabinon tsakar gida. Ya ce a yi taron a can. Dangin Kano su shigo, na Malesiya su shigo, Alhaji ya tura wakili tsaye da ƙafafunsa. Kalma ɗaya kawai zai faɗa.

Washegari Alhaji ya ce wa matarsa, Hajiya Mardiyya, "A kira mini gajeren nan."

Kwana biyar muka yi muna zuwa Doka kowace hantsi, Bello yana aiki, ni ina riƙe da agogo. Ya ɗauki hoton farar shaddar Alhaji mai aska takwas ya tura wa Kabir, aka ɗinka wa wakili irinta. Aka sa masa hula.

Alhaji ya ce, "Ta karkace."

Bello ya ce, "Ranka ya daɗe, haka kake sa ta tun muna sakatariya. Tsoro ne ya hana a faɗa maka."

Ya nuna masa inda ake rage jiki, ya ce ko a ɗan taɓa tumbin.

"Bar mini abina. Shekara talatin da biyar na yi ina tara shi."

Sunan da ya zaɓa na marigayiya mahaifiyarsa ne, Juwairiyya. Mutumin da ko yana lafiya bai taɓa furta sunan nan a fili ba saboda kunya, ga shi yanzu harshe ba ya biyayya. Kullum sai ya yi ta gwadawa yana karyewa a tsakiya.

Bello ya ce, "Ranka ya daɗe, da Binta ka ce da tuni mun tashi."

Alhaji ya harare shi da idon da ke da lafiya, ya sake gwadawa. Ranar Lahadi sunan ya fita cikakke, sau uku a jere. Na duba agogo, sha ɗaya saura minti takwas.

Da yake hannun hagu kaɗai ke aiki, Bello ya mayar da maɓallin magana kan dogon maɓallin nan na ƙasa, ya manna masa jan salatif. Ya saita masauki a zaure. Muka zagaya gidan ɗaki ɗaki har rumbu ya cika, komai na fitowa tas da an shiga. Ranar Litinin ya kira Hajiya Mardiyya ya nuna mata inda ake kunnawa da yadda ake juyawa kan inbata in an ɗauke wuta. Bakano da son nuna gwaninta, sai ya ƙara da cewa, "Nan kuma, Hajiya, nan ake share rumbu in datti ya taru." Bai ce mata ban da ranar taro ba.

An sa taron ƙarfe bakwai na safiyar Talata, biyu na rana ke nan a Malesiya. Bakwai saura ashirin muka iso. Gidan fes, an share an goge, turaren wuta har bakin ƙofa, rago na gaske ɗaure a baya yana jiran rabonsa. Alhaji na zaune gaban kwamfuta cikin farar shaddar da ba wanda zai gani sai mu.

Hajiya ta tare mu da fara'a. "Sannunku da zuwa. Malam Bello, har rumbun naku na share muku tun da asuba. Ranar suna ai ba a barin datti ko a ƙarƙashin gado."

Bello ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ce, "Allah ya saka da alheri, Hajiya." Ban taɓa jin godiya mai kama da ta'aziyya irin wannan ba.

Muka shiga bakwai daidai. Zauren ya fito ruwan toka, ba ƙofa ba tabarma, kamar kangon da magina suka gudu suka bari. A tsakiya ga wakilin Alhaji tsaye, shi ma ruwan toka, ba riga, ba wando, ba hula. Cikin duk abin da muka shirya kwana biyar, tumbin ne kaɗai ya zo a kan lokaci.

Alhaji ya kalli allo, ya kalli Bello. "Mene ne wannan?"

"Kai ne, ranka ya daɗe. Kayan suna hanya."

"Kashe."

"Tsaya ka ji. Rumbunmu aka share, nasu yana nan. Mu ne kawai muke ganinka haka. Su a wurinsu kana cikin aska takwas, har da hula."

"In Bakano ya ce maka gari ya waye, leƙa waje."

Na sa baki na ce gaskiya Bello ya faɗa. Ya ce ni ma tun 1974 Bello ya lalata ni. Hajiya, wadda yanzu ta gane abin da tsintsiyarta ta jawo, ta buga wa Kabir. Nan take ya turo hoton allonsa, ga wakili cikin farar riga kamar ango. Alhaji ya kawar da kai. Ya ce, "Ɗana ne. Rufa mini asiri yake yi."

Bakwai da minti goma sha biyu. Muna jin muryoyin mutane daga soron baƙi, malamin da zai yi addu'a yana gyaran murya, wani yana tambaya ko Alhajin ya iso. A allonmu takalmi ƙafa ɗaya ya bayyana.

Nan Alhaji ya fashe. Ya buga tafin hagunsa a kan maɓallai, ya bar shi a wurin, ya shiga faɗa irin wanda rabon da mu ji tun yana da ofis. Ya ce shekara biyu yana ɓoye bakinsa, yau an kai shi gaban surukai ba wando. Ya ce da makanikin tafireta da akawu da mai shara sun haɗu sun gama da shi. Ya ce Kanawa dama abin da suke jira ke nan. Maganar tana fita a karkace, tana tuntuɓe, amma ba kalmar da ta ɓata.

Ni na ga inda tafin nasa ya sauka. A kan jan salatif. Saman kan wakili wata 'yar koriyar alama tana ta bugawa, alamar ana jin ka. Na buɗe baki, sai na ji Bello ya taka mini ƙafa da dukkan ɗan nauyin da Allah ya ba shi. Mutumin da ya buga dokar makirufo da manyan haruffa, ya harɗe hannu yana kallon silin.

Sai wata murya ta fito daga kwamfutar, tsohuwa, mai kaifi. Hajiya Atika ce, kakar matar Kabir, daga Fagge. An ce tun da aka fara taro wakiliyarta ke yawo tana karo da bango, har ta ɓullo zaure.

"Wai wane ne wannan mai farar shadda yake ta bambami a zaure kamar an cinye masa tuwo? Au, Bazazzagin ne? Kai Sambo! Rigar nan ta aro ce ko? Aska takwas a jikin Bazazzagi, ikon Allah. To ka gyara hular mana, ta karkace kamar rumfar mai tsire."

Alhaji ya ɗaga hannu daga maɓalli kamar ya taɓa garwashi. Ya dube mu. Bello ya nuna masa jan salatif. A hankali ya sake dannawa.

"Hajiya Atika. Kin ji ni?"

"Jin ka? Ko ba na'ura Kano za ta ji ka. An ce mini bakinka ya shanye, har na yi maka addu'a. Ashe asarar addu'a na yi, faɗan yana nan daram. Ka shigo ka faɗa mana sunan yarinya, ƙafata ta gaji."

Bello ya ce a hankali, "A zaune take fa, a Fagge."

Dariya ta ɓarke daga soron baƙi, ta Kano da ta Malesiya a haɗe. Alhaji ya saki maɓalli. Ya daɗe yana kallon mutumin toka mai takalmi ɗaya.

Ya ce, "Wannan tsohuwar ba ta taɓa rufa wa kowa asiri ba. In ta ce da riga, da riga." Ya kai hannu ya gyara hular da ke kansa na gaskiya, ya ƙara karkatar da ita. "Bello, kai ni ciki."

Abin da dangi suka gani shi ne dattijo cikin farar shadda yana shigowa da natsuwa. Abin da mu huɗu muka gani a Doka ba zan kwatanta shi ba, saboda Hajiya Mardiyya tana raye kuma tana karatu. Alhaji ya yi sallama aka amsa. Ya gaisa da surukai ɗaya bayan ɗaya, abin da ba ya cikin shiri. Sannan ya ja numfashi ya ce, "Sunan yarinya Juwairiyya." Ya ɗan tsaya a tsakiyar sunan, ya ƙarasa. Malam ya ja addu'a, aka shafa. Na duba agogo, bakwai da minti ashirin da shida. A bayan gida rago ya gamu da mahauci.

Rigar ta iso allonmu takwas saura minti goma sha tara, mutane sun fara watsewa. Hula ce ta zo ƙarshe.

Muna shirin tashi Alhaji ya ce wa Hajiya, "Kira mini Kabir ta bidiyo. Uwata nake so in gani da idona, ba 'yar tsana ba."

Ta ce, "Alhaji, za su gan ka fa."

"Sun ji abin da ya fi wannan muni."

Bai sake shiga waccan duniyar ba. Yanzu da la'asar a ƙofar gida za ka same shi a kan kujera, yana gyara wa masu wucewa gaisuwa.

Makon da ya biyo na leƙa shagon Bello, na tarar ya zare takardar dokoki daga bango ya sa a tafireta. Ya ƙara layi ɗaya a ƙasa: kada a share rumbu ranar taro, kada kuma a nuna wa mai tsabta inda yake.

Na ce, "Dokar makirufo fa? Na ga an taka ta, an haɗa da ƙafata."

Ya ce, "Doka tana nan, ba a canza ba. Ni dai ban ga komai ba, tabaraun nan ya tsufa." Ya zare takardar ya hura mata iska. "Abin da ke damuna, sau biyu ke nan ana korata daga aikin Alhaji Sambo. Na farko kwamfuta ce. Na biyu ni da kaina, tunda yanzu ba ya buƙatar wakili. Matsa daga hasken, Bazazzagi, inuwarka ma nauyi gare ta."